Tuwon da Baffa Ya Ci Kafin Sauka

Ban samu jana'izar Baffa ba. Ina hanyar Nguru a saman lodin gyaɗa, lokacin ina yaron mota, sai wani direba da ya taso daga Kano ya tsayar da mu ya ce in sauko, ƙanen ubana ya rasu. Kafin in iso Dala an kai shi maƙabartar Ƙofar Mazugal an dawo, har an yi sadakar uku. Daga Allah muke, wurinsa za mu koma. Kowa ya faɗa mini haka a ƙofar gida, ni ma na amsa. Amma ni mutum ne mai kallon bakin mutane bayan sun gama magana, kuma abin da na gani a zauren nan bai yi mini ba.

Mutanen filin jirgi sun zo da kakinsu, suna warin fetur, sun zauna gefe guda kamar baƙi. Su dai kukansu na gaskiya ne, har wani dogo a cikinsu ya kasa ƙarasa addu'a. Liman ya yabi Baffa, ya ce bai taɓa ganin ya makara sallar asuba ba. Maƙwabta kuwa sai su ce Allah ya jiƙansa da ƙarfi, sannan su sassauta murya su tambayi na kusa da su ko ya lura da yadda mutumin ya rame. Wanda ya yi masa wanka ya ce da suka ɗaga shi kamar sun ɗaga kara. Sai wani tsoho ya ce to, Allah dai ya san abin da ke cikin gidaje.

Da azahar na gane inda maganar ta dosa. An fito da abinci daga cikin gida, kwanuka da akusa, na Gwaggo ƙanwar su Baba, na matan yayyena, na maƙwabta. Duk aka cinye. Akushi ɗaya ne ya koma ciki a rufe yadda ya fito, ko murfin ba wanda ya ɗaga. Na san akushin, baƙi ne mai tsaga a baki an ɗaure da waya. Na Inna ne, matar Baffa. Ba ita ta haife ni ba, amma duk 'ya'yan gidan Inna muke ce mata. Daga wani ƙauye wajen Gumel ya auro ta, ba ta da kowa a birni sai shi da 'yarsu guda ɗaya.

Gwaggo ce ta ja ni bayan rumbu ta zayyana mini. Wai Inna ta yi wata da watanni tana hana ɗan'uwansu abinci, tuwo ɗan mitsitsi, miya lami babu gishiri babu mai, har ya zama ƙashi da fata. Rana ɗaya kuma, bayan sunan jikarsa, sai ta tashi ta yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na yawo a kai. Ya ci, ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Gwaggo ta ce ita ba ta ce komai ba, amma in yi lissafi da kaina. Ta kuma ce Baba, wanda shi ne babba a gidan, ya yanke magana: ranar da Inna ta fita takaba a sa ta a mota ta koma garinsu.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ni da na gudu daga makaranta don na gaji da zama a benci. In ba a faɗi wane ne Baffa ba, ba za a gane tuwon nan ba.

Baffa bakaniken jirgin sama ne, ko in ce mataimakin bakanike. Tun lokacin yaƙin duniya ya shiga filin jirgi, daga turin gangar fetur ya kai ga kwance fulogi da wanke su. Kullum da safe yana ɗaure ƙafar wandonsa da igiya, ya hau kekensa ya bi ta Fage. A unguwa ba a taɓa sakin jiki da shi ba. Mutum ya wuni da Nasara, ya dawo yana warin abin da ba a san shi ba, kuma ba ya ba da labari. Wasu sun ce yana shan abin da suke sha. Wasu sun ce ɗan rahoto ne. Shi ma bai yarda da su ba, don haka an yi kunnen doki. In aka kawo masa fura sai ya shinshina. In ka gaishe shi da fara'a da yawa sai ya tambaye ka me kake so. Tunda nake ban taɓa ganin ya sa hannu a akushi ɗaya da wani ba, har Baba yayansa. Ku riƙe wannan.

Abu ɗaya ne ke buɗe masa baki, jirgi. Da la'asar mukan zauna a dakalin ƙofar gida, in jirgi ya taso ya bi ta kan dutsen Dala sai ya ɗaga yatsa kowa ya yi shiru. Ba ya kallon sama, ƙasa yake kallo, yana saurare. Wani lokaci ya ce wannan lafiyarsa ƙalau. Wani lokaci ya ce wannan injinsa na waje yana ƙarya. Ban sani ba ko gaskiya yake ji ko burga ce, don ba mai iya hawa ya duba.

Shi ya koya mini cewa injin jirgi ba fetur zalla yake ci ba, gauraye yake da iska, kamar yadda ake dama fura da nono. A ƙasa iska tana da kauri. Can sama kuwa tsinkakkiya ce, to in ka ci gaba da ba shi fetur yadda kake ba shi a ƙasa, damun ya yi kauri, injin ya ƙoshi fiye da kima, ya yi ta fitar da baƙin hayaƙi, fulogi su toshe da kunkunniya, tanki kuma ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ya ce akwai mutum guda a bayan matuƙa, injiniyan jirgi, gabansa duk agogo, hannunsa a kan wasu 'yan libobi. Aikinsa ke nan. Wajen tashi sai ya sake wa injin fetur duka, don lokacin ne yake aikin ƙarfi, kuma yawan fetur ɗin yana sanyaya shi. In an hau an daidaita sai ya fara ragewa a hankali, yana kallon agogo. Da wannan ragin ne jirgi ke ƙetare Sahara bai tsaya a hanya ba.

Na tambaye shi yaya ake sanin an rage daidai. Ya ce su manyan jirage da agogo suke gani, amma a ƙananan jirage kunne ne.

"Ka ja baya, ka ja, har ka ji ya fara tari. Sai ka mayar masa kaɗan. Nan ne wurin."

Ya ce in ka wuce nan, injin ya yi zafi, bawul ya ƙone. Shi da idonsa yake gane halin kowane injiniya in an kwance fulogi. Baƙi ƙirin, mai almubazzaranci ne. Fari fat kamar toka, marowaci ne, wata rana zai kashe mutane. Wanda ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar gasasshiyar gurasa, wannan ya san aikinsa. Bai taɓa ganin fuskar yawancinsu ba, amma yana da waɗanda yake ƙi da waɗanda yake so.

Matsalar Baffa ita ce bai bar wannan ilimi a filin jirgi ba, gida ya kawo mana shi. Lagwanin fitila sai ya murɗa ƙasa har ta fara kyaftawa, ya ɗan ɗaga. Rishon Inna ya kwance ya fi a ƙirga. Har ya jawo rigimar da ta fi kowace girma a unguwarmu. Akwai wani malamin asibiti a bayan layinmu da ya sayi babur, yana ƙorafin shan mai. Baffa ya ce a kawo. Ya murɗa wani ɗan kusa a jikin kafireta, inda ake dama fetur da iska, babur ya yi ta tafiya mako guda a kan abin da da yake sha a kwana biyu, malamin asibiti yana ta sa albarka. Sai ran nan a hanyar Bichi injin ya yi zafi ya ci kansa, ya turo shi da ƙafa. Ya zo ƙofar gidanmu yana cewa da gangan aka yi, hassada ce. Baffa kuma ya ce fetur ɗin da yake saya ne aka gauraya da kananzir. Sai da mai unguwa ya shiga. Daga baya ni kaɗai Baffa ya gaya wa cewa shi ne ya ja bai mayar ba. Ya yi Juma'a uku yana gyaran babur ɗin a zaurenmu, amma har ya mutu ba su ƙara gaisawa da hannu biyu ba. Malamin asibitin ya zo ta'aziyya. Na lura ya fi kowa gyaɗa kai lokacin da ake maganar rama.

Alherinsa ma haka yake, a murtuke. Ranar da na bar makaranta Baba ya ɗauko tsumagiya, ya rantse sai ya karya ni. Baffa ya tsaya a tsakani, ya ce injin da ke tari ba dukansa ake yi ba, dubawa ake yi a ga me ake ba shi. Baba ya ce wannan yaron ba inji ba ne, ɗan iska ne. Baffa ya ce to iskar ce ta yi yawa, a ƙara masa aiki. Ya kai ni filin jirgi wankin fulogi. Ban daɗe ba, warin ya hana ni cin abinci, na koma wajen tela, daga nan dalar gyaɗa, daga nan mota. Bai taɓa yi mini gori ba. In na dawo daga yawo sai ya kama haɓata ya juya fuskata hagu da dama kamar fulogi, ya ce har yanzu ban ƙone ba.

Ramar ta fara ne wajen lokacin da 'yarsa ta samu ciki. Kowa ya gani. Rigarsa ta koma kamar ta aro, keken ma sai ya tura shi a hawan Dala. Ni ma na sa wa Inna ido, don a gidanmu an koya mana sa ido. Na ga tana auna masa tuwo da ƙaramar mara. Na ga ta kai hannu wajen gishiri ta janye. Na ga tana kwashe masa miya kafin ta zuba mai a ta sauran gida. Na kuma ga wani abu da Gwaggo ba ta gani ba: in ta miƙa akushin sai ta juya baya ta goge ido da bakin zane. A lokacin ban san yadda zan karanta wannan ba. Mai mugunta ma ai tana iya kuka.

'Yarsa ta zo goyon ciki, ta sauka lafiya, mace. Aka yi suna, aka yanka rago, Baffa ya zauna a zaure yana karɓar barka, bai ci ko tsoka ɗaya ba. Kashegari da hantsi duk mazan gidan sun fita kasuwa da wurin aiki, ni kaɗai ke kwance a soro ina jiran motarmu ta gama lodi. Sai ya aiko a kira ni. Na same shi a ɗakinsa da baƙin akushin nan a gaba, tuwon shinkafa, miyar taushe, man shanu har yana sheƙi. Ya ce in wanke hannu. Na tsaya ina kallonsa, don na ɗauka gwada ni yake. Ya ce in zauna mana, ko sai an yi mini kiɗa.

Muna ci ya ɗaga ƙafar wandonsa ya danna ƙaurinsa da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa. Ya ce likitan filin jirgi ya saurari ƙirjinsa tun bara, ya ce zuciyar ta gaji, ruwa ne ke taruwa. In yana son ya ƙara jan lokaci ya bar gishiri, ya bar mai, ya rage nauyin ciki. Ya ce da ya rage sai ya ji numfashi ya dawo, sai ya ƙara ragewa. Shi ya nuna wa Inna girman marar, shi ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. In Baba ya ji, gidan zai cika da wanzamai da masu jiƙe-jiƙe, kowa da abin da zai ɗura masa. In wurin aiki suka tabbatar, su sallame shi. Ya ce kwana na Allah ne, shi bai isa ya ƙara ko ɗaya ba, amma tanki amana ne a hannun wanda aka ba, kuma shi yana so ya ga abin da 'yarsa za ta haifa.

Na ce to yau kuma fa, me ya kawo man shanu?

Ya ce, "Ba na gaya maka ba? In an hango fili za a sauka, ana mayar wa inji fetur ɗinsa duka. Ba a sauka da ragi."

Na yi dariya, na ɗauka irin maganarsa ce. Ya ci loma kaɗan ya janye hannu, ni na share akushin har da suɗi. Da azahar motarmu ta tashi.

To wannan ne abin da na sani, kuma ba wanda ya san na sani. Da na je gaishe da Inna tana zaune a ƙuryar ɗaki cikin mayafin takaba, carbi a hannu. Na tsuguna a bakin ƙofa na ce me ya sa ba za ta faɗa musu ba, ga shi za a kore ta da sunan da ba a wankewa. Ta ja carbinta ta ce:

"Ya ce kar in faɗa. Bai ce in ya mutu in faɗa ba."

Ranar sadakar bakwai zauren ya cika har waje. Aka yi addu'a, aka raba gumba, aka fito da abinci. Baƙin akushin ya fito, aka ajiye shi can jikin bango, kowa ya yi kamar bai gan shi ba. Na tashi na tsallake ƙafafun dattawa na ɗauko shi, na kawo tsakiya gaban Baba na buɗe. Tuwon dawa ne da miyar kuka. Baba ya tambaye ni a hankali ko na sha wani abu ne. Na ce a'a, magana gare ni. Na faɗi duk abin da na rubuta a nan, ƙaurin da ya lotsa, likita, rantsuwa, har zuwa tuwon shinkafar. Na ce akushi ɗaya muka ci, ni na ci kashi mafi yawa, ga ni kuma a tsaye.

Ba wanda ya yi kabbara. Wani ya ce marigayi da ko da yayansa ba ya haɗa akushi, sai da wannan? Wani ya ce yaron da bai zauna ko'ina ba, maganarsa ma ba za ta zauna ba. Malamin asibiti ya ce lallai kumburin ƙafa alama ce ta zuciya, amma shi bai duba ba, ba zai yi shaida ba. Daga bayan labule na ji muryar Gwaggo tana cewa a tambaye ni me aka ba ni.

Sai dogon nan na filin jirgi ya yi gyaran murya. Ya ce shi bai san zancen likita ba, Baffa bai gaya wa kowa ba. Amma maganar sauka gaskiya ce, haka ake yi, kafin a sauka ana mayar da fetur duka. Ya ce yaron mota ba zai ƙirƙiro wannan ba, daga bakin marigayi ta fito.

Na zauna na fara ci. Baba yana kallon akushin, yana kallon wayar da aka ɗaure tsagar da ita, wadda Baffa ne ya ɗaure da irin ɗaurin da suke yi wa kusoshin jirgi. Ban san me ya gani a wurin ba. Ya ce a miƙo masa buta. Ya wanke hannu, ya gutsuri tuwon, ya dangwali miya, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Sannan ya juya wajen labule.

"A gaya wa mai tuwon nan gishiri ya yi kaɗan. Wanda ake ragewa dominsa ya tafi. Gobe ta sa mana daidai."

Gobe, ya ce. Duk wanda ke zauren ya ji.

Ban ce an gama ba. Gwaggo har yau ba ta cin abin hannun Inna, ta ce cikinta ne ba ya son dawa. A bakin rijiya ana cewa da ni aka haɗa baki. Ni kaina ban tabbata Baba ya yarda da ni ba, wataƙila kunyar mutanen filin jirgi ya ji. Amma maganar mota ba ta ƙara tasowa ba, kuma Inna ce ke yi wa jikarta wanka.

Abin da ke ci mini rai shi ne shi Baffan. Na yi ta juya ranar nan. Mutumin da bai taɓa haɗa akushi da kowa ba, ya jira sai da gida ya watse, ya sa aka yi girkin da ya san za a yi magana a kai, ya kira ni. Ya san 'yan'uwansa kamar yadda ya san fulogi. Bai yarda da su a kan matarsa ba, sai ya ajiye mata shaida tun yana da rai. Na so in ce don ya yarda da ni ne. Amma na san shi: ni kaɗai ne zauna-gari-banzan da za a samu a gida da hantsi.

Ko ma dai wanne ne, Baffa, na isar. Allah ya sa ka sauka a fili mai kyau, ya yafe maka abin da ka ja ba ka mayar ba, ya ba Inna haƙuri. Jiya da la'asar wani jirgi ya bi ta kan Dala, na ɗaga yatsa a dakali. Ba wanda ya yi shiru.